Kukan Sarƙa a Keken Giya: Ina Laifin Yake?

Keken giya ya iso ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, amma bai taho da mai gyaransa ba. Duk wanda ya tashi a Dakko ko Rini ko Birnin Tudu ya san irin keken da iyayenmu suka hau: Raleigh, wanda har masana'antarsa aka kafa a Bompai ta Kano, sai Phoenix na ƙasar Sin, sai Hero na Indiya. Faranti ɗaya a gaba, firiwil ɗaya a baya, sarƙa a miƙe tsakaninsu ba ta karkata ko'ina. Ciwon irin wannan keke bai wuce faci da ɗaurin sifok da canjin boris ba, kuma mai gyaran da ke zama a gindin bishiya ranar kasuwa ya haddace su tun yana yaron shago.

Babur ya daɗe da korar keke daga hanya, har ta kai ana ganin hawan keke alamar rashi ce. Abubuwa biyu suka dawo masa da daraja. A 2021 gwamnatin Zamfara ta taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura saboda matsalar tsaro. Sannan ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Mai noman rani a Bakolori, wanda ke leƙa gonarsa safe da yamma, ya yi lissafi ya jingine babur. Sai dai kekunan da suka cika kasuwa yanzu ba irin na da ba ne. Na hannu ne da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, ko kuma sababbi masu araha daga Sin, galibinsu da faranti uku a gaba da jerin haƙora shida ko bakwai a baya. Su samari ke so, don an manna musu takarda a jiki cewa giya 18 ne ko 21.

Ba a daɗewa sai ƙorafi ya taso, kuma iri ɗaya ne. Kana taka feda kana jin kar-kar-kar a ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Yaro ya turo keke bakin shago ya ce, "Baba, sarƙar nan tana cin ƙarfe." Magani uku aka saba yi mata a nan. Ko a tsiyaya mata baƙin mai har ya riƙa ɗiga, ko a sa filaya a buɗa ƙarfen da take gogawa, ko kuwa a kwance giyar gaban gaba ɗaya a jefa cikin akwatin tarkace. Na farko yana rufe bakin ƙarar na kwana biyu. Na biyu garin neman gira ne a rasa ido. Na ukun yana da hujjarsa, zan zo kanta, amma yawancin masu yin sa ba da hujja suke yi ba, gajiya ce.

Abin da ake kira giyar gaba ɗan ƙaramin abu ne da aka ɗaure a jikin bututun da sirdi ke shiga. Yana da keji, wato ƙarafa biyu shafaffu, ɗaya ta ciki kusa da jikin keke, ɗaya ta waje, sarƙa na wucewa ta tsakaninsu. Akwai sifirin da kullum ke jan kejin zuwa ciki, wajen ƙaramin faranti, akwai kuma waya da ta taso daga madannin da ke hannun hagu, ita ke jansa waje zuwa babban faranti. Aikinsa ke nan: ya ture sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan, ya kuma janye jikinsa kada ya sake taɓa ta. Wahalar a nan take. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan biyu bai fi faɗin sarƙar da komai ba sai 'yan milimita, ga shi kuma sarƙar ba a wuri ɗaya take zama ba. Duk lokacin da ka canja giyar baya, gindin sarƙar ya matsa dama ko hagu, ta shigo kejin a karkace. Saboda haka kuskuren milimita ɗaya a wajen ɗauri ya isa ya haifar da kukan da za a ji daga nesa.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a saurari kukan, domin ba iri ɗaya ba ne. A rataye keken da igiya ta sirdi a reshen bishiya yadda tayar baya za ta bar ƙasa. Kifa shi a kan sirdi da kai, kamar yadda ake yi wa mai faci, yana goge madannai, yana kuma juya wa mai gyara dama da hagu. A juya feda da hannu, a sunkuya a leƙa ta sama. In gogar ba ta yankewa, sarƙa na manne da gefe ɗaya koyaushe, to saiti ne ya goce, kuma wannan shi ne mai sauƙin. In kuwa ƙarar tana zuwa sau ɗaya a kowane zagayen feda, kar, shiru, kar, shiru, laifin ba na giya ba ne. Faranti ne ya lanƙwashe, ko kuwa sandar da fedoji biyu ke juyawa a kanta ta yi lako-lako. A kama hannun feda a girgiza shi gefe da gefe. In ya motsa, boris ɗin ciki sun ci ko an bar su a sake, kuma ko wa ya saita giyar a kan wannan sanda aikin banza ya yi, don farantin da kansa rawa yake yi. Kekunan hannu da yawa da wannan ciwon suke isowa, wasu kuma a nan suke samunsa, wajen tsallaka kwalbati ko faɗuwa da kaya ta ɓangaren dama. Farantin ƙarfe da ya ɗan lanƙwashe ana miƙar da shi a hankali da sifana mai buɗewa. Na alminiyam ba ya son a yi ta lanƙwasa shi, tsagewa yake yi.

Akwai kuma kukan da ba ya fitowa sam in keke na rataye, sai an hau an taka da ƙarfi. Wannan na masu ɗaukar kaya ne. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, biyu sun zama 50, ban da nauyin mahayi. Wanda ya ɗora buhun shanshera ko kwandon tumatir a kariya, ya miƙe tsaye kan feda don ya fita daga rairayi, ƙarfen keken yana ɗan tanƙwarewa a ƙarƙashinsa, faranti ya karkata, sarƙa ta shafi keji. Kekunan nan an ƙera su ne don yawon shan iska a ƙarshen mako, ba don dakon amfanin gona ba. Irin wannan sai a ɗan ƙara masa rata a gefen waje, a kuma koya wa mai shi ya sauko ƙaramar giya ya zauna, maimakon ya yi kokawa da babba.

Sai datti. Hanyoyin da suka bi gefen magudanan ruwan Bakolori, tun da aka gama dam ɗin a 1978, yawancinsu na ƙasa ne. Da hunturu ƙura, da damina laka mai danƙo, kuma giyar gaba ta zauna daidai inda tayar baya ke watso duk abin da ta taka. Gaɓoɓinta huɗu ne ƙanana, in laka ta bushe a cikinsu sifirin ya kasa mayar da keji inda ya kamata, sai ya tsaya a rabin hanya yana goga. Baƙin mai ƙara dagula lamarin yake yi. Da ma ya fito daga inji da garin ƙarfe a cikinsa, ga shi da kama ƙura, sai su haɗu su zama wani baƙin kwaɓi da ke cin sarƙa da haƙora a hankali. A wanke gaɓoɓin da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari su bushe, a ɗiga musu mai mai tsabta, ko na keken ɗinki ne. Ita ma sarƙar a ɗiga mata a kowace gaɓa, sannan a goge bayanta da tsumma, don a ciki take bukatar mai ba a waje ba. A zare wayar daga rigarta a duba. In ta yi tsatsa ko silinta sun fara warwarewa, a canja ta. Kekuna da dama daga nan kukansu ke ɗaukewa, ba a ma kai ga sukundireba ba.

In bai ɗauke ba, an zo kan saiti, kuma saiti yana da jeri. Wanda ya fara daga tsakiya zai yini yana kewaye. Na farko tsayi ne. A sassauta waya, a tura kejin da yatsa har ƙarfen waje ya zo saman babban faranti, a duba ratar da ke tsakanin ƙasan ƙarfen da kan haƙora. Masu ƙera ta, irin su Shimano, milimita 1 zuwa 3 suka ce. Tsinken ashana ya kusa milimita 2, in ya shige da ɗan gogawa an dace. Keji ya yi sama da yawa, sarƙa za ta riƙa tsallake faranti tana faɗowa waje, kuma a ƙaramin faranti za ta iya kwanciya a kan wutsiyar kejin tana ja. Ya yi ƙasa, haƙora su kama shi. Na biyu fuska ce. A leƙa ta sama, ƙarfen waje ya zama ya yi layi ɗaya da babban faranti, wutsiyarsa ba ta leƙa ciki ba, ba ta leƙa waje ba. Noti ɗaya ne ke riƙe da tsayi da fuska, wanda ya ɗaure giyar a jikin bututu, yawanci alanki mai lamba 5 ke kwance shi. Yayin da ake ɗaure shi kejin kan ɗan juya, don haka a riƙe da hannu ɗaya, a sake dubawa bayan an ɗaure. A ganina rabin kekunan da ake cewa giyarsu ta lalace a nan ciwonsu yake. Wando ko bakin riga ya kama keji ya murɗa shi, ko an jibga keken a bayan mota da kaya a kansa, fuskar ta juya, sai a bar ta a haka a koma ana wahalar da ƙananan notuna.

Su ƙananan notunan nan biyu, da ke zaune kusa da juna a saman giyar, su aka fi zalunta. Ɗaya an rubuta L a gefensa, ɗaya H. Mutane da yawa sun ɗauka su ne ke matsar da giya, sai su yi ta murɗa su suna jiran kuka ya tsaya. Aikinsu irin na shingen gona ne, ba ya kora dabba ko'ina, iyaka kawai yake yi mata. L ke hana keji wuce gona da iri ta ciki, kada sarƙa ta faɗa tsakanin ƙaramin faranti da jikin keke. H ke tsare shi ta waje, kada ta faɗo kan feda. Abin da ke tsakanin iyakokin biyu kuwa aikin waya ne.

Da L ake farawa, waya na sake. A sa sarƙa a ƙaramin faranti a gaba, a baya kuma a kan haƙoran da suka fi girma, na kusa da sifok. A nan ne sarƙa ta kai ƙarshen matsowarta ciki. A dubi ratar da ke tsakaninta da ƙarfen ciki na keji. Ana son ta kusa taɓawa amma kada ta taɓa, rabin milimita zuwa ɗaya. Katin zaɓe ko na banki kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, in ya shiga tsakani da ƙyar an samu. Ɗaure L yana tura keji waje, sassauta shi yana barinsa ya koma ciki. A riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye a lokaci guda, ana juya feda ana saurare. Kan notunan nan taushi gare shi, sukundireba da ba ta zauna daidai ba nan da nan take cinye shi, a danna sosai kafin a murɗa.

Daga nan sai waya. A mayar da madannin hagu kan lamba 1. Akwai wani ɗan mamurɗi a inda rigar waya ta fito daga madanni, a ɗaure shi har ƙarshe sannan a dawo da shi zagaye ɗaya ko biyu, don a bar wa kai wurin gyara ta kowane ɓangare. A ja wayar da filaya ta miƙe, ba da ƙarfin tsiya ba, a ɗaure ta a notinta. A lura da hanyar da ta bi a ƙarƙashin notin, akwai ɗan kwarmi ko ɗan kunne da aka yi mata. In ta bi ta wancan gefen, nisan da take jan keji ya canja, lamba 2 ba za ta taɓa tsayawa daidai ba, kuma wannan kuskure ne da ido ba ya saurin kamawa.

Sannan H. Sarƙa a babban faranti, a baya kuma a kan mafi ƙanƙantar haƙora. Yanzu ta kai ƙarshen fitarta waje, ratar da za a duba ita ce tsakaninta da ƙarfen waje, kaurin kati kamar ɗazu. A nan akwai tarko. In sarƙa na gogar ƙarfen waje, mutum zai yi ta sassauta H bai ga keji ya motsa ba. Dalili kuwa ba iyaka ce ta tare shi ba, waya ce ba ta ja shi ya kai iyakar ba. Gwajin mai sauƙi ne: a ja wayar da hannu, ko a danne madanni har ƙarshe a riƙe. In keji ya ƙara fita, wayar ce ta yi sako-sako, a kwance mamurɗin kaɗan, don kwance shi ne ke ƙara mata ƙarfi. In bai motsa ba, to H ne, a sassauta shi. Sabuwar waya da sabuwar riga sukan zauna bayan 'yan kwanaki, sai ka ga keken da aka saita lafiya ya dawo yana kuka a babban faranti. Rabin zagayen mamurɗi ne maganinsa, kada a taɓa notuna.

Na ƙarshe farantin tsakiya, wanda ba shi da noti nasa, kuma a kansa aka fi tafiya. A hau babba sannan a sauko lamba 2, baya na kan manyan haƙora. A yi wasa da mamurɗi har ƙarfen ciki ya kusa taɓa sarƙa bai taɓa ba. Sai a bi giyoyin baya ɗaya bayan ɗaya ana saurare. In duk sun yi shiru, madalla. In na ƙarshe ɗaya yana ɗan shafa, wani lokaci haƙuri ake yi da shi.

Na ce haƙuri ne don akwai gogar da babu mai gyaran da zai raba ka da ita, kuma wannan ne abin da masu sayar da keke ba sa faɗa. Giya 21 ɗin nan a takarda ne. Ɗauki keken da aka fi samu, mai haƙora 42 da 34 da 24 a gaba, a baya kuma 14, 16, 18, 20, 22, 24, 28. In ka sa babban faranti da manyan haƙoran baya, 42 da 28, zagayen feda ɗaya na juya taya sau ɗaya da rabi. Na tsakiya da 22 yana ba ka kusan haka, 1.55. In ka sa ƙaramin faranti da ƙananan haƙoran baya, 24 da 14, ka sami 1.71, alhali 34 da 20 na ba ka 1.70. Wato giyoyin nan biyu da sarƙa ke gicciyewa daga wannan kusurwa zuwa waccan, waɗanda suka fi kowanne kuka da cin ƙarfe, suna da 'yan'uwa a farantin tsakiya inda sarƙa ke tafiya a miƙe. Babu abin da mahayi zai rasa in ya bar su. A ƙarami da ƙarami ma sau da yawa ba keji sarƙar ke goga ba, gefen farantin da ke kusa da ita take shafa, ka ga ko an cire giyar ƙarar na nan. Yaron da ya kawo keke yana kuka a babba da babba, darasi yake bukata ba gyara ba, kuma mai gyara na ƙwarai zai gaya masa haka ko da kuwa ya rasa kuɗin aikin.

Turawan da suka ƙirƙiro abin ma da wannan matsalar suka fara. Paul de Vivie na Saint-Étienne a Faransa yana cikin waɗanda suka fara gwada canjin giya a farkon ƙarni na 20, amma gasar Tour de France ba ta yarda 'yan tsere su yi amfani da shi ba sai 1937. Giyoyin gaba na farko da sanda ake tura su, mahayi ya sunkuya ya kai hannu tsakanin ƙafafunsa. Da aka koma waya, madannin ba shi da lamba, kai ne za ka matsa shi har ka ji shiru, in ka canja ta baya kuka ya taso ka ɗan taɓa ta gaba. A 1984 kamfanin Shimano na Japan ya fito da madanni mai tsayawa ɗaki-ɗaki, kowace dannawa giya ɗaya. Abin ya yi wa giyar baya kyau ƙwarai, amma da ya iso gaba sai ya ƙwace wa mahayi wannan 'yar dama ta gyara da kansa, har sai da aka riƙa ƙara rabin dannawa a madannan kekunan tsere. Abin lura ga mu a nan: da yawa daga madannan murɗawa na hannun hagu da ke kan kekuna masu araha suna da ƙananan tsayawa masu yawa tsakanin 1 da 2 da 3. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi su. Ka ji goga, ka ƙara ƙyas ɗaya ko ka rage, ta ɗauke. Mutane da yawa na hawan irin wannan keke shekara da shekaru ba su san da haka ba.

Wani abin da ke karya giyar gaba shi ne canjawa ana tsakiyar taka feda da ƙarfi. Giyar baya tana aiki ne a kan sarƙar ƙasa, wadda ke sake. Ta gaba kuwa sarƙar sama take turawa, wadda duk nauyin ƙafarka ke kanta. In ka bari sai ka shiga rairayi ko ka fara hawan gangaren gada sannan ka murɗa, ƙarfe siriri kake sa ya ture abin da ya fi ƙarfinsa. Haka keji ke buɗewa, gaɓoɓi su yi lako-lako. A canja tun kafin a isa wurin, a kuma ɗan sassauta ƙafa na zagaye ɗaya.

Akwai kuma ciwon haɗe-haɗe, wanda ya fi yawa a kekunan hannu, don sau da yawa daga gawar keke biyu ko uku ake tayar da ɗaya. Sarƙar keken da ba shi da giya ta fi faɗi, in aka sa ta a keken giya dole ta goga. Ko a tsakanin na giya, ta jeri shida zuwa takwas ta ɗan haura milimita 7, ta jeri tara ba ta kai haka ba, kejin da aka yi wa siririya ba zai ɗauki mai kauri cikin shiru ba. Kejin faranti biyu daban da na uku, na ukun ƙarfensa na ciki ya fi zurfi. Bututun da ake ɗaurawa kauri uku ne, milimita 28.6 da 31.8 da 34.9, wanda ya cusa guntun tiyub don ya cike gibi zai ga giyar na juyawa duk lokacin da waya ta ja. Wata giyar ta sama ake janta, wata ta ƙasa. Wanda zai je kasuwar Mafara ranar Talata ko ya aika Gusau ko Sakkwato neman wata, ya tafi da tsohuwar a aljihu. Ita ma sarƙa tana tsufa. Aron tef ɗin tela ya isa a gane: a sabuwar sarƙa, daga tsakiyar wata ƙusa zuwa ta 24 bayanta inci 12 ne cif. In ta ƙaru da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ta kai uku, ta riga ta ci haƙoran baya, sabuwa za ta riƙa tsalle a kansu.

Yanzu mu koma ga mai cewa a cire ta a huta. Ba shi kaɗai ba ne a duniya. A 2012 kamfanin SRAM na Amurka ya fitar da kayan keken hawan dutse masu faranti ɗaya tak a gaba da jeri 11 a baya, daga haƙora 10 zuwa 42, kuma yau yawancin kekunan dutse masu tsada ba su da giyar gaba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, F.K. Day, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005, wadda ke rarraba keken Buffalo a karkarar Zambiya da Kenya da Malawi da wasu ƙasashe. Da suka tashi ƙera keken ƙauye, ƙarfe mai nauyi suka yi, kariya mai ɗaukar kilo 100, babu keji babu wayar giya. Wato sun koma ga abin da Raleigh da Phoenix suka daɗe suna yi. Ga mai dakon taki da shinkafa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta fadamun Bakura, ni ma tsohon keken zan zaɓa masa. Ɗalibin da ke zuwa Kwalejin Abdu Gusau a Talata Mafara, ko malamin makarantar da ke haɗa kwalta da hanyar ƙasa kullum, giya na yi masa rana, musamman in iskar hunturu ta tare shi ta gaba. Amma ko shi, farantin tsakiya da bakwai na baya sun ɗauke masa kusan dukan tafiyarsa.

Sai dai kafin a cire giyar gaba, a san cewa farantin SRAM an yi masa haƙora na musamman, mai kauri na bin siriri, don su riƙe sarƙa. Farantin tsakiya na kekunanmu akasin haka aka yi shi. An gajarta wasu haƙoransa, an yi masa 'yan tudu a gefe, duk don sarƙa ta sauka daga kansa cikin sauƙi. In aka cire keji aka bar shi tsirara, ramin farko a hanyar gona zai zubar da sarƙar. Don haka wanda madanninsa ya mutu, ko ya gaji da sayen waya, kada ya kwance giyar. Ya cire wayar kawai, ya ɗora sarƙa a farantin tsakiya, ya ɗaure L har keji ya zo ya tsaya sarƙa na tsakiyarsa. A wasu giyoyin notin L ba ya kaiwa, sai a nemo mai irin zarensa da ya fi shi tsawo, ko a bar guntuwar waya a ɗaure ta tamau a jikin keke ta riƙe kejin a wurin. Sannan a ɗaure H har ya tokare, keji ya zama ba ya motsi ciki ko waje. A bi giyoyin baya duka a saurara, a gyara tsayuwar da rubu'in zagaye har a sami inda na farko da na bakwai duka suke wucewa, ko ɗayansu ya ɗan shafa kaɗan. In za a bar shafar a gefe ɗaya, a bar ta a ƙananan haƙora, don mai kaya a hanyar ƙasa ba safai yake kaiwa can ba.